Shari'a Mace Ce Da Ciki

Dingaya gari ne na manoma a ƙasar Gwaram, maƙwabciyar Birnin Kudu, cikin masarautar Dutse ta Jihar Jigawa. A nan akwai wani dattijo, ba sai an faɗi sunansa ba, gama abin da ya same shi yana iya samun kowane mai gida. Yana da gonar gado, da shanun huɗa biyu, da 'ya'ya maza uku. Bai yi karatun boko yana yaro ba, sai da furfura ta fara fito masa ya shiga ajin yaƙi da jahilci, ya iya karanta Hausa, ya iya sa hannu. Tun da ya ke bai taɓa taka ƙofar kotu ba, ko shaida ba a taɓa kiransa ba.

Wata shekara da damina ta sauka, ana cikin shuka, sai gardama ta tashi tsakanin babban ɗansa da ɗan maƙwabcinsu a kan iyakar gona. Gambar da ke tsakani ta mutu tun bara, kowa ya ce kunya biyun da ke wurin nasa ne. Magana ta kai ga zagi, zagi ya kai ga kokawa. Ɗan maƙwabcin ya ɗaga fartanya, ɗan dattijon ya riga shi, ya kwaɗa masa ƙotar tasa a ka. Aka ɗauke shi zuwa asibiti a Birnin Kudu, kwana uku Allah Ya yi masa cikawa. Gidaje biyu da suka shekara arba'in suna aika wa juna tuwo, ran nan ɗaya ana zaman makoki, ɗaya kuwa 'yan sanda sun zo sun tafi da ɗansu.

Da ya ke magana ce ta rai, aka wuce da yaron Dutse domin bincike, daga nan aka kai shi gaban majistare. Majistare ba shi da ikon yin shari'ar kisan kai, abin da ya yi shi ne ya aika da yaron gidan yari, ya zauna can har lauyoyin gwamnati su duba takardun, su ga ko akwai abin da za a kai Babbar Kotu. Dattijon yana zaune a bayan kotu, bai fahimci ko kalma ɗaya ba, sai dai ya ga an fita da ɗansa da ankwa.

Yana fitowa, sai ga wani mutum da kwat da jaka ya tarye shi a gindin darbejiya, ya gaishe shi kamar sun saba. Ya ce, "Baba, na ga abin da ya faru, kada ka damu. Irin wannan magana ita ce aikina. Manyan wurin nan duk mutanena ne. Ka kawo abin da za a shafa musu, kafin sati biyu yaronka yana gida." Hausawa sun ce wanda ya faɗa rijiya, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Dattijo ya koma gida, ranar kasuwa ya kai sa guda Sara ya sayar, ya ɗaure kuɗin a gefen riga, ya kai wa mutumin. Bai tambayi cikakken sunansa ba, bai ga ofishinsa ba, bai karɓi rasit ba. Sati biyu ya wuce, wata ya wuce, wayar mutumin ta daina shiga. Da ya tambayi masinjan kotu, sai ya ce masa wannan ai bai taɓa zama lauya ba, ɗan kamasho ne mai farautar baƙi.

Kada mai karatu ya yi saurin ganin wautar dattijon nan. Aikin lauya baƙon abu ne a ƙauyukanmu, kuma da dalili. A zamanin En'e, kotunan alƙalai su ne ke yin mafi yawan shari'un ƙasar Arewa, doka kuwa ta hana lauya shiga cikinsu. Mutum shi ke tsayawa da bakinsa gaban alƙali da muhuti. Lauyoyin ma ina su ke? Ɗan Arewa na farko da ya zama lauya, Alhaji Abdulganiyu Abdurrazaƙ na Ilori, sai a 1955 ya gama karatunsa a Ingila. A 1960 aka fara aiki da sabuwar dokar hukunta laifuka ta Jihar Arewa wadda a ke kira Final Kot. A 1968 kotunan En'e suka koma hannun gwamnati, aka kira su kotunan yanki, amma ƙofarsu ba ta buɗe wa lauya ba sai bayan Tsarin Mulkin 1979. Saboda haka iyayenmu da kakanninmu ba su bar mana gadon sanin yadda a ke zaɓen lauya ba, kamar yadda suka bar mana sanin yadda a ke duba haƙorin sa kafin a saya.

Bayan wannan hasara, zuciyar dattijon ta karaya, har ya fara tunanin ko Allah ne Ya nuna masa ishara. Ya tafi wurin limamin gari bayan sallar Asuba, ya durƙusa ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, ɗana ya yi duka, rai ya fita, ban musa ba. In na ɗauki wanda zai tsaya masa, ban taimaki zalunci ba kuwa?" Liman ya ce, "Malam, wakilci a gaban alƙali ba baƙon abu ba ne a Musulunci, akwai babinsa a cikin Tuhufa da alƙalanmu ke aiki da ita. Abin da aka hana shi ne ka ɗauki wanda zai yi ƙarya, ko ya sayi shaida, ko ya ba da cin hanci. Amma wanda zai tsaya a auna laifin ɗanka daidai da nauyinsa, kada a ƙara masa abin da bai yi ba, wannan adalci ya ke taimako." Sa'an nan ya aike shi wurin wani tsoho a Gwaram wanda ya yi aikin rajista a kotu har ya yi ritaya.

Tsohon nan ya saurari labarin duka, ya girgiza kai, ya ce, "Da ka zo tun ran da aka kama shi, da sanka yana turke. Amma matambayi ba ya ɓata. Ka riƙe abu huɗu. Na ɗaya, ka tabbata lauyan gaske ne. Lauya sai ya yi shekara biyar a jami'a, ya ƙara ɗaya a Makarantar Horon Lauyoyi, wadda aka kafa a Ikko a 1962, yanzu kuwa tana da reshe a Bagauda nan ƙasar Kano. In ya ci jarrabawa, a rubuta sunansa a littafin lauyoyi da ke Kotun Ƙoli, a ba shi lamba. Tun daga 2015, kowane lauya yana da hatimi daga Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya, mai ɗauke da sunansa da lambarsa, wanda ya ke mannawa a takardun da ya rubuta. Ƙungiyar tana da reshe a Dutse, in ka yi shakka ka je ka tambaya. Lauyan gaske ba ya fushi don an bincika shi.

"Na biyu, ka nemi wanda shari'ar laifi ita ce sana'arsa. Maɗori daban, wanzami daban, ko da ya ke duka magani su ke yi. Wani lauya gwani ne wajen maganar fili da gado da ciniki, amma bai taɓa tsayawa a shari'ar rai ba. Ka tambaye shi ko ya taɓa yin irin wannan, a wace kotu. Ka kuma je Babbar Kotu ranar zama, ƙofa a buɗe ta ke ga kowa, ka zauna ka kalli wanda ke zuwa da wuri, wanda ya san takardunsa, wanda ke yi wa shaidu tambaya a natse. Na uku, maganar kuɗi a yi ta tun farko, a rubuta, ko sisin kwabo ka bayar ka karɓi rasit. Ai ka iya karatu, to, ga ranarsa. Na huɗu, shi ne babba: duk wanda ya yi maka alkawarin nasara, ko ya ce ya san alƙali, ka ɗauki takalminka ka fita. Shari'a mace ce da ciki, ba wanda ya san abin da za ta haifa."

Dattijo ya ce, "Yallaɓai, sa guda ya rage mini. In kuɗin ya fi ƙarfina fa?" Tsohon ya ce, "Ko wannan doka ta yi tanadinsa. Akwai Hukumar Ba da Taimakon Shari'a ta Gwamnatin Tarayya, an kafa ta tun 1976, aka sabunta dokarta a 2011. Tana da ofis a babban birnin kowace jiha, tana ba da lauya kyauta ga wanda abin da ya ke samu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, watau naira 70,000 a wata tun daga 2024. Bayan wannan kuma, in laifin da a ke tuhumar mutum da shi hukuncinsa kisa ne, kotu ba ta yi masa shari'a ba lauya, in ba shi da hali ita za ta nema masa. Kada ka raina lauyan kyauta, akwai masu tsoron Allah a cikinsu, sai dai aiki ya yi musu yawa, sai ka riƙa bibiya."

Kashegari dattijo ya kama hanyar Dutse da sunayen lauyoyi biyu a aljihu. Na farkon ofishinsa yana da kyau ƙwarai, ga kujeru masu taushi, ga sanyi. Tun dattijo bai kai tsakiyar labari ba, lauyan ya katse shi ya ce, "Baba, wannan ƙaramin abu ne. Ka bar mini, sai na wanke shi tas." Ya faɗi kuɗi, bai tambayi ko akwai wanda ya ga faɗan ba, bai tambayi inda yaron ya ke tsare ba. Dattijo ya ji maganar ta yi masa daɗi ƙwarai, amma ya tuna irin wannan zaƙin ne ya ci masa sa. Ya yi godiya, ya ce zai yi shawara.

Na biyun ɗakinsa ƙarami ne, takardu sun cika shi. Ya zaunar da dattijon, ya ɗauki alƙalami, ya yi ta tambaya har aka kira Azahar: wa ya fara zagi, wa ke noma a gonakin kusa, da wane gefen fartanya aka yi dukan, sau nawa, akwai tsohuwar gaba tsakanin yaran ko babu, yaron ya sa hannu a wata takarda a wurin 'yan sanda ko bai sa ba. Da ya gama sai ya ce, "Baba, ba zan ɓoye maka ba. Ɗanka ya yi duka, mutum ya mutu, wannan ba ya gogewa, kuma ba zan tsaya gaban kotu in ce bai yi ba. Beli ma a irin wannan tuhuma da wuya a ke samu. Amma doka ta raba kisa gida biyu. Akwai na ganganci, wanda hukuncinsa kisa ne. Akwai kuma wanda ya auku cikin faɗan da ya tashi farat ɗaya, da zafin zuciya, ba da shiri ba, wannan hukuncinsa ɗauri ne. In abin da ka faɗa mini ya tabbata da shaidu, nan zan tsaya. Ban ce maka za mu ci ba. Abin da na ke iya yi maka alkawari shi ne zan je in gan shi cikin satin nan, kuma ba ranar zaman da za a neme ni a rasa."

Dattijo ya yi shiru, idonsa ya kawo ruwa, gama ya shigo ne da fatan a ce masa ɗansa zai koma gida kafin kaka. Gaskiya ɗaci gare ta. Amma ya lura cikin mutum uku da ya gani a kan wannan magana, wannan kaɗai ne ya faɗa masa abin da ba ya son ji. Suka yi ciniki, aka raba kuɗin kashi uku, aka rubuta da Hausa, dattijo ya bi layi layi da yatsa ya karanta, sa'an nan ya sa hannu.

Abin da lauyan ya fara ganowa shi ne takardar jawabin yaron. An rubuta ta da Turanci, yaron ya dangwala yatsa ba tare da ya san abin da ke ciki ba. Ta ce ya yi duka, amma ba ta ambaci fartanyar da aka fara ɗaga masa ba. A nan ya kamata kowa ya san abin da Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda aka kama. Sashe na 35 ya ba shi ikon ya yi shiru har sai ya ga lauyansa ko wani wanda ya zaɓa, ya kuma ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu tsakanin kilomita 40, in babu cikin kwana biyu, ko da ya ke wanda a ke tuhuma da laifin kisa ba a sa shi cikin wannan ƙayyadadden lokaci ba. Sashe na 36 ya ce mutum ba shi da laifi har sai an tabbatar, ya ba shi ikon ɗaukar lauyan da ya ke so, da tafinta kyauta in ba ya jin harshen kotu. Dokar 'yan sanda ta 2020 kuma ta hana a kama uba ko ɗan'uwa a madadin wanda a ke nema. Duk waɗannan sun fi amfani a kwanakin farko, shi ya sa lauya tun da wuri a ke nemansa.

Lauyan ya yi ta zirga-zirga yana bin takardun shari'ar har suka isa Babbar Kotu da ke zama a Birnin Kudu. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, domin kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a gidajen yarin Nijeriya jiran shari'a su ke yi, da yawansu kuwa rashin mai bin maganarsu ne ya zaunar da su. Ya hau babur har Dingaya, ya ga gonar da idonsa, ya sami mutum biyu da ke shuka kusa ran da abin ya faru. Ya nemi takardar likita, ta nuna duka ɗaya ne. Da dattijo ya ce yana so ya je ya roƙi maƙwabcinsa, lauyan ya ce, "Ka je, Baba, ka tafi da liman da dagaci, ka yi ta'aziyya, ka nemi gafara, wannan haƙƙin maƙwabtaka ne. Amma kada ka ce wa kowa ya sāke shaidarsa, kada ka kai wa mai shaida ko goro. In ka yi haka ka ɓata shari'ar, kai ma ka shiga laifi."

Irin wannan aikin na natsuwa shi ke ceton rai, kuma an ga misalinsa a fili a ƙasar Katsina. Bayan da jihohin Arewa da dama, har da Jigawa a shekarar 2000, suka dawo da hukuncin laifuka bisa shari'ar Musulunci, a 2002 kotun Shari'a ta Bakori ta yanke wa wata mata, Amina Lawal, hukuncin jifa, ba ta da lauya a lokacin. Da lauyoyi suka shiga, cikinsu har da Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim, ba su yi jayayya da Shari'a ba. Da littattafan Malikiyya da dokar jihar suka kafa hujja: cewa alƙali ya zauna shi kaɗai alhali doka ta ce da mataimaka biyu, cewa mai iƙirari yana da ikon janyewa, cewa cikin matar da aka saka ana iya jingina shi ga tsohon mijinta. Ran 25 ga Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta sallame ta. Saboda haka wanda maganarsa ke kotun Shari'a, sai ya nemi lauyan da ya san fiƙihu, kamar yadda mai magana a Babbar Kotu zai nemi wanda ya san Final Kot.

Shari'ar ɗan dattijon ta ɗauki shekara biyu. Ranar hukunci alƙali ya ce ya gamsu faɗa ne ya tashi farat ɗaya, ba a yi niyyar kisa ba, amma dukan ya wuce kima. Ya ɗaure yaron shekaru, ya ce a lissafa tun daga ran da aka kama shi. Lauyan ya fassara wa dattijon hukuncin a bakin kotu, ya gaya masa yana da kwana 90 in yana son ɗaukaka ƙara, gama haka doka ta ba wanda Babbar Kotu ta hukunta, wanda majistare ya hukunta kuwa kwana 30. Ya ƙara da cewa in aka ɗaukaka shi zai sami ƙarin kuɗi, amma a ganinsa hukuncin ya yi daidai, kada dattijo ya sayar da gonarsa a banza. Dattijo ya ce, "Na yarda. Ɗan maƙwabcina ba zai dawo ba, nawa kuwa in da rai zai dawo."

To, jama'a, ba kowane lauya mai ƙaramin ofis ne nagari ba, ba kuma kowane mai babban ofis ne macuci ba. Abin dubawa shi ne halinsa a zama na farko: yana saurare ko yana katsewa, yana tambaya ko yana cika baki, yana rubuta abin da ya karɓa ko yana sa shi aljihu kawai. In kuwa lauya ya ci amana, akwai kwamitin ladabtar da lauyoyi mai ikon soke sunansa daga littafi, amma ba ya aiki sai da hujja, hujjar talaka kuwa ita ce rasit ɗin da ya adana.

Da damina ta zagayo, dagaci ya tara dattawan gidajen biyu a bakin gona, aka auna, aka dasa sabuwar gamba a iyaka. Har yanzu gaisuwa kawai ke tsakanin dattijon da maƙwabcinsa, tuwo bai koma shiga ba tukuna. Sa guda ya ke huɗa da shi, yana haɗawa da na ƙaninsa. Duk wata ya kan kai wa ɗansa ƙuli-ƙuli da sabulu. Mutanen ƙauyukan kewaye in abu ya same su su kan zo wurinsa neman shawara, ya kan fito da takardun nan uku na rasit daga cikin gafaka ya nuna musu, ya ce su nemi wanda zai gaya musu gaskiya tun ranar farko.

Allah Ya kiyashe mu da zafin zuciya, in kuwa ƙaddara ta kai mu gaban shari'a, Ya haɗa mu da masu amana. Amin.